Ƙwan Zabi a Ƙarƙashin Kazata

Ranar da aka yaye ɗiyata ta fari ban yi kuka ba, domin ba a yi. Uwar mijina ce ta zo da kanta daga Gummi, ta kwana biyu a ɗakinmu na haya a Anka, da safiya ta uku ta goya yarinyar ta ce, "To, mun tafi ni da ƙawata." Bakin zaure kawai na raka su. A wurinmu uwa ba ta nuna ɗoki a kan ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, balle ta buɗe baki ta tambayi yaushe za a dawo da shi. Na koma ciki na ɗaure ƙirjina da tsohon ɗankwali, na hau wanke kwanonin da na riga na wanke.

Yaye sati guda ne, in ya yi tsawo biyu. Amma kowa ya san kaka tana iya riƙe ɗan fari har ya girma, ba wanda zai ga laifinta. Ita kuwa ba ta ce za ta riƙe ba, ba ta kuma ce za ta maido ba.

Mijina yana Bagega wurin haƙar zinare, sai ya yi wata ban gan shi ba. Ƙauyenmu na wajen Zugu mun baro shi tun lokacin da kwana a gida ya gagara, kuma a Anka ban san kowa ba sai mai gidan hayar da Bafulatanar da ke kawo mana nono. Bafulatanar ce ta ba ni ƙwan zabi goma a farkon daminar shekarar. Kazata ja tana kwanci, sai na kwashe nata na sa mata su. Haka muke yi tun a ƙauye, don zabuwa ba ta da haƙurin zama kan ƙwai.

Ana kwana tara da tafiyar yarinyar, ƙanwar mijina ta iso. Jami'a take, an ba su hutu, aka ce ta zo ta taya ni zama. Ta zo da wani littafi mai kauri kamar tubali, duk hotunan dabbobi.

"Matar Yaya, riƙe mani littahin ga ki duba hoto," in ji ta. "In na faɗi ba daidai ba ki buge ni."

"Ni da nit tsaya aji huɗu? Mi kika karantawa ma?"

"Zoology. Ilimin dabbobi."

"Wai duk tahiyar ga da anka yi da ke jami'a akuya kinka je koyo? Da kin zo na koya maki a bayan ɗaki."

"Ke kin san akuya, ni na san sunan kakanta," ta ce, ta jefe ni da ɓawon gyaɗa.

Haka muka riƙa yi kullum bayan la'asar, a kan tabarma ƙarƙashin rumfa. Ta rufe ido ta faɗi kalma da ma'anarta, ni in duba ko dabbar da ta ambata ita ce a hoton. Kalmomin da suka tsaya mini na sa ta rubuta mini a bayan kwalin sabulu, daga nan na kwafo su yanzu.

Ta farko mammal. Ta ce duk wata dabba mai gashi a jiki da ke shayar da ɗanta nono sunanta ke nan. Akuya, raƙumi, ɓera, jemage. Na ce jemage ai tsuntsu ne. Ta ce in tuna ko na taɓa ganin ƙwansa. Sai na tuna wani da ya faɗo daga mangwaron gidanmu na ƙauye, ɗansa manne a ƙirjinsa ya ƙi saki ko da yara suka taɓa shi da kara.

"Har mutum yana ciki," ta ce tana dariya. Sai idonta ya sauka a gaban rigata, inda nono ya jiƙa ɗankwalin ya fito. Ta juya shafi da sauri.

Ta biyu reptile: kada, maciji, kunkuru, ƙadangare. Masu ɓawo ko saɓa a jiki, ba su da nono. Ta ce ƙadangaruwa takan tona rami ta binne ƙwanta ta yi tafiyarta, ba ta waiwaye. Ranar na daɗe ina kallon wata a kan katanga tana gyaɗa kai. Na ce a raina, wanda ya gan ni ina share tsakar gida ina gaisawa da mutane lafiya lau, a cikin waɗanne zai sa ni?

Sati biyu ya wuce, na uku ya wuce. Ƙanwar mijina takan kira Innarsu a waya, ta sa a bayyane don in gaishe ta. In tambayi ƙafarta, in tambayi ruwan sama a Gummi, in tambayi kowa da kowa ban da mutum ɗaya. Wani lokaci ina jin ƙaramar murya a bayanta tana neman a ba ta wani abu. Sai in ce tukunyata na ƙonewa in tashi.

Ƙwan zabi ya fi na kaza daɗewa, har na fara tsoron kazar za ta gaji ta tashi. Ba ta tashi ba. Wata safiya na buɗe akurki na tarar takwas sun fito, masu zane-zane a ka, jajayen ƙafafu. Kafin azahar suna bin ta duk inda ta sa ƙafa. Ta tona ƙasa ta kira su, su rugo.

"Kai! Ga shi nan a tsakar gidanmu!" ƙanwar mijina ta yi tsalle ta ɗauko littafin. "Imprinting. Tsuntsun da ke tashi ya yi tahiya da ya hito daga ƙwai, abin da yaf fara gani yana motsi kusa da shi, shi ne uwa. Ko kaza, ko agwagwa, ko mutum. Cikin kwana ɗaya ko biyu abin ya zauna, ba ya goguwa."

"Ko uwar tasu ta gaske ta zo?"

"Ba su san ta ba. Wucewa za su yi."

Ina tsince shinkafa a faifai. Na daɗe ina juya tsakuwa ɗaya a hannu kafin na ce, "To su waɗancan fa? Masu nonon. In anka ɗauke ɗan akuya anka kai ma wata, kwana nawa shika yi ya manta?"

"Su da ƙamshi da murya suka gane juna, ba kamar tsuntsu ba."

"Kwana nawa nit tambaye ki."

Ta buɗa littafin gaba, ta buɗa baya. Sannan ta rufe shi ta dube ni sosai, irin kallon da ba ta taɓa yi mini ba. "Ba ya nan ciki, matar Yaya. Ba mu kai wurin ba."

Bayan kwana biyu ta ce za ta Gummi ɗauko wasu takardunta kafin hutu ya ƙare. Hanyar ba a binta sai da rana tsaka, a cikin ayarin motoci. Na raka ta tasha, na dawo ɗakin ya yi mini girma. Kwana huɗu ba wanda na yi wa magana sai kaza.

Ranar da ta dawo ina zaune a bakin murhu. Na ji sallamarta, na ɗaga kai, na ga ƙafafu biyu ƙanana suna lilo a gefen ƙugunta. Kwana arba'in da ɗaya ke nan da tafiyar yarinyar. Ban tashi ba. Mai gidan hayar tana tsaye, sai na ce, "Sannu da hanya," na ƙara ice a wuta.

Daga baya ƙanwar mijina ta ba ni labari. Ta ce wa Innarsu hutu ya ƙare, kuma ba za ta bar matar Yaya ita kaɗai tana hira da kaji ba. Tsohuwar ta ce, "In tana son ɗiyarta, ba ta da baki?" Ita kuwa ta ce, "Bakin da kunka ɗaure, Inna?" An yi mata faɗa na rashin kunya, amma da safe tsohuwar da kanta ta haɗa kayan yarinyar, ta ce aro ne ta bayar, in yarinyar ta isa shiga makaranta za ta aiko a ɗauke ta.

Da aka sauke ta, ɓuya ta yi a bayan gwaggonta. Na miƙa mata ruwa ta kau da kai. Ta yi ta kiran Inna, kuma ba ni take nufi ba. Kwana biyu ba ta karɓi ko loma daga hannuna ba. Na riƙa kallon 'yan zabin nan suna bin kaza, kalmar nan tana yawo a kaina.

A rana ta uku gwaggonta ta koma makaranta. Da la'asar aka yi yayyafi, yarinyar ta gaji da korar 'yan zabi a cikin taɓo, ta tsaya tana dube-dube. Ba kowa a gidan sai ni. Ta tako a hankali ta jingina da gwiwata, tana kallon wani wuri. Can sai na ji hannunta mai sanyi ya shiga wuyan rigata, daidai inda take sa shi tun tana jaririya. Nonon ya riga ya ƙafe. Ba ta nema ba, ta bar hannun a wurin har barci ya ɗauke ta.

Yanzu shekararta huɗu. Inna har yau kakarta ce, ni Adda take ce mini, kamar wata yayarta. Kwalin sabulun yana cikin akwatina, kuma tun tafiyar ƙanwar mijina ban sami wanda zan faɗa wa kalmomin ba. Duk lokacin da waya ta yi ƙara na ga daga Gummi ne, sai na duba inda yarinyar take kafin in ɗauka.