Kujerun Aro a Ɗakin Mai Guga

Shekara ashirin da shida Mai Guga ya yi yana goge kayan mutane a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin bene, kuma duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa jin kalmar "babu" ta fito daga bakinsa. In an tambaye shi aiki, sai godiya. In an tambaye shi gida, lafiya lau, ko da ranar ba a ɗora tukunya ba. Rigunan fitarsa biyu ne kacal, amma yadda yake ba su sitaci ya fitar musu da kari, sai ka rantse ma'aikacin banki ne ya fito shan iska. Matarsa takan ce da ana sayen girman kai a kasuwa, da tuni sun gina nasu benen.

Abu guda yake da shi da ba ya bukatar guga, wato 'yarsa ta fari. Yarinyar akwai kai. Ta ci jarrabawa, jami'a ta ba ta gurbin karatun haɗa magunguna. Ranar da takardar ta zo, ya karanta ta sau uku yana murmushi, amma da ya kai shafin kuɗin makaranta sai ya ninke ta a hankali ya ce Allah ba zai hana ba.

Ita ce ta binciko wata gidauniya da ke ɗaukar nauyin 'ya'yan marasa ƙarfi, mutum goma a shekara. Ta cika fom, aka ce za a turo mutum biyu su ga gidan da idonsu. Ta zaunar da uban ta roƙe shi, ta ce don Allah a bar ɗakin yadda yake, da tabarmarsa da tsagaggen bangonsa, in kuma an tambaye shi ya faɗi gaskiya. Ya gyaɗa kai. Sai dai a duk maganar, abin da ya shiga kunnensa shi ne baƙi za su zo.

Da safiyar ranar, tana fita koyar da yaran maƙwabta, ya zabura. Ya je wurin kafinta ya aro kujerun kushin uku da mai su bai zo ɗauka ba. Mai gyaran rediyo ya ba shi talabijin wadda ko an jona ba ta kamawa. Ya rufe tsagar bango da labulen wata hajiya da aka kawo wanki. Matar tana cewa Malam a yi tunani, yana cewa ba a gidansa za a zaunar da manyan mutane a ƙasa ba. Da 'yar ta dawo, ta tarar da baƙin sun nutse a cikin kushin, kowa da lemon kwalba a hannu. Ta jingina da ƙofa tana kallonsu.

Ɗaya daga cikinsu, mace mai tabarau, ta tambaye shi yadda sana'a take tafiya, ya ce sai godiya. Ta tambaya ko zai iya biyan kuɗin makarantar. Ya dubi 'yarsa, ya dubi baƙin, ya ce ai da rufin asiri. Namijin ya rubuta, ya ɗauki hoton ɗakin, suka yi sallama.

Da sunaye suka fito, babu nata. Na huɗu a jerin kuwa ɗan wani ɗan kwangila ne, babban mai kawo wa Mai Guga kaya, mutumin da motocinsa uku ke rigimar wurin tsayawa a tsakar gida. Direbansa ne ya ba da labari yana dariya: a ɗakin maigadi ɗan kwangilar ya karɓi baƙin, sanye da tsohuwar singileti, ya kwashe rabin awa yana kukan kasuwa har mai tabarau ta share ƙwalla. To, haka abin yake. Mai kuɗi ya fi kowa iya talauci, tunda shi ba ya jin kunyarsa.

Baƙin ciki ya hana Mai Guga riƙe dutsen guga. Washegari ya sa rigar aikinsa mai ƙunar gawayi, karon farko da ya fita titi da ita, ya nufi ofishin gidauniyar. Ya tsaya gaban sakatare, ya ce:

"Ranka ya daɗe, ni ba ni da shi. Ban taɓa samu ba. Kujerun nan na aro ne."

Sakataren ya ciro hoton daga fayil, ya ƙura masa ido, ya ce kowa haka yake faɗa bayan an rufe. Ya ƙara da cewa wanda ake iya ba aron kujeru irin waɗannan ai ba a rasa shi da mutane ba. Ya ce a sake gwadawa baɗi, in shekarun yarinyar ba su wuce ƙa'ida ba. Mai Guga ya san za su wuce.

Ya dawo shago da azahar ya tarar direban ɗan kwangila ya sauke ƙullin kaya, riguna da wanduna sababbi fil na yaron, ana so kafin jibi saboda tafiya makaranta. 'Yarsa ta riga ta hura gawayi ta shimfiɗa ta farko a kan tebur. Ya tsaya yana kallon yadda take bin wuyan rigar da bakin dutse, ba gaggawa, ba kuskure ko ɗaya. Ya miƙa hannu zai karɓa.

"Bar shi, Baba," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Gara in saba tun yanzu."