Malam Isyaku Mai Fenti, Wanda Ya Ƙi Zana Ƙarya a Bangonmu

Kullum da hantsi Malam Isyaku Mai Fenti yakan turo kekensa zuwa rumfarsa da ke Ƙofar Ruwa. Ya share gabanta, ya wanke burushi da kananzir, ya jera gwangwanayen fenti, sannan ya zauna jiran masu son a rubuta musu allon talla. Shekara talatin da takwas yana wannan aiki. Tela, mai kemis, mai gyaran rediyo, da wuya ka ratsa unguwar ba ka karanta rubutun hannunsa ba. A watan jiya ya ajiye burushi, don ido ya fara gajiya. Ba wanda ya kira taro domin shi. To, ni ba zan yi shiru ba.

A gabanmu duniya ta kutso cikin birni. Manyan alluna suka tsaya a kan tituna da fuskokin mutanen da ba su taɓa taka Kano ba, suna gaya mana abin da za mu sha da abin da za mu shafa. Injin buga talla ya zo, yana gama aikin kwana uku cikin awa guda. Abokan sana'arsa suka watse. Shi ya tsaya.

Shekara shida da suka wuce, wani mai suna Nazeer, wakilin wani kamfanin man bilicin na ƙasar waje, ya same shi a rumfa. Maƙwabciyarsa Hajiya Falmata, mai sayar da sabulun salo, tana wurin, ita ta ba ni labari. Nazeer ya miƙo takarda mai hoton mace baƙa ta haɗa rai, a gefe kuma ita ce ta yi fari tana dariya. Bango goma sha biyu yake so a zana a cikin birni, ɗaya yana kallon makarantar 'yan mata.

"Baba, aikin shekara guda ne. Haka tallan yake a ƙasashe da yawa, Hausa kawai za ka sa masa."

"Me zan rubuta a ƙasa?"

"Ki yi haske, ki samu shiga."

Malam ya daɗe yana kallon takardar. Sai ya ce, "Wadda ba ta yi haske ba ta tsaya a waje ke nan? Ɗana, 'yata Bahijja ta gaban bangon take wucewa makaranta, kuma launin ta farkon gare ta. Ba zan rubuta mata da hannuna cewa an yi kuskure a halittarta ba."

"In ba ka yi ba, wani zai yi."

"Ya yi mana. Hannunsa ne."

Wani kuwa ya karɓi aikin. A daminar shekarar rumfar Malam ta yi ta yoyo, bai samu abin gyara ba. Har wasu suka ce taurin kai zai kashe shi da yunwa. Ya tafi takanas wurin Alhaji Abdulbaƙi, mai bangon da ke kallon makarantar, ya roƙe shi kada ya ba kamfanin bangon. Alhaji ya ce, "To kai me za ka sa a wurin?" Kwana biyu Malam yana kan tsani, bai karɓi ko sisi ba. Da ya sauko, ga abin da muka karanta: "Sabulun salo na Hajiya Falmata. Yana wanke dauɗa, ba ya wanke asali."

Yara suka haddace shi kamar karatu. Malama Lauratu, wadda ke koyarwa a makarantar, ta ce da idonta ta ga ɗalibai biyu sun zubar da kwalaben man bilicin a kwata.

Malam Isyaku, kai ne ka nuna mana cewa bango ma amana ne. Kamfani yana da jirage da rediyo da talabijin, kai tsani ɗaya gare ka, kuma ba ka rusuna ba. Namijin duniya, mun gode. Allah Ya ƙara wa idonka lafiya, Ya saka maka da alheri.

Ku kuma masu tsara talla a kwamfuta da waya, sana'ar yanzu a hannunku take. Ba a ce ku ƙi kayan waje ba. Amma kafin ku sa Hausarku a kan maganar wani, ku tambayi kanku 'yar wa za ta karanta. In amsar ba ta yi muku daɗi ba, ku mayar masa da takardarsa.