Tabarau Mai Araha da Irin Geron Baba

Ranar da maigidana ya dawo daga Katsina da tabarau ɗin nan, sai da na gama faɗa sannan na ba shi ruwa. Malamin firamare ne a Safana, mutum mai hankali a komai, ban da abin da ke cin caji. Ya buɗe ɗan kwali yana washe baki, wai wannan ba na kare rana ba ne. Ka jona shi da waya ka saka, sai allo ƙato ya tsaya a gabanka kamar an rataye talabijin a iska, kuma kana ganin ɗakin ta bayansa. Wai ma mai araha ya samo.

Na ce, "Malam, wa ya aike ka?"

Ya ce ƙwallo zai riƙa kallo. Ƙwallo fa!

Abin kuwa bai rufa masa asiri ba. In ya fita tsakar gida, rana ta wanke hoton tas. In ya daɗe da shi, gefen kunne ya ɗau zafi. Cajin waya kuwa, kafin a tashi wasa ya shanye. Wayata ma ƙin ta ya yi, sai tasa kaɗai. Sati biyu ya koma kwalinsa a saman durowa, ni kuma duk baƙuwar da ta zo sai na nuna mata na ce ga talabijin ɗinmu can yana hutawa.

A daminar bara ne mahaifina ya faɗi a gonarsa ta Karare, ɓarin jikinsa ya shanye. Muka ɗauko shi Safana don kusa da asibiti. Baki ya dawo, hannu da ƙafa ba su dawo ba. Da farko yana ƙoƙari, amma da gero ya nuna sai ya juya fuska bango. In na kawo tuwo, loma biyu ya kau da kai.

Na san abin da ke cin sa. A gidanmu ba a sayen iri. Kafin a kwantar da kara, Baba kan bi gona shi kaɗai, layi-layi, ya zaɓi zangarniyar da za a ajiye don shukar baɗi, ya ɗaure daminta daban. Haka ya gada wurin kakanmu, kuma bai taɓa yarda wani ya yi masa ba. Ran nan ina ba shi magani sai ya ce, "Bana ku sayi na kasuwa." Na shiga kicin na yi kuka na ƙoshi, don na gane ya sallama, ba irin kaɗai ba.

Na sa an ɗauko masa hoton gonar a waya. Ya ƙanƙance ido ya ce me zai gani a wannan ɗan madubi. Idon Baba na ganin nesa sarai, na kusa ne ke ba shi wahala.

Washegari Malam ya sauko da kwalin ya miƙo mini, ya ce, "Ki gwada masa." Shi ba zai iya ba. Tun aurenmu, tsakaninsa da Baba gaisuwa ce kawai: ya durƙusa daga nesa, Baba ya amsa yana duban gefe, irin kunyar surukai. Ya bar mini wayarsa, ya ɗauki tawa, ya hau babur sai Karare. Da hantsi ya kira ta bidiyo daga cikin gona.

Ina saka wa Baba ya hau faɗa. "Ke, cire mini abin nan! Ni ɗan acaɓa ne?"

Sai kuma ya ƙura wa gabansa ido. Can ya ce a hankali, "Wannan ai tsamiyar gonata ce."

Malam ya fara tafiya cikin gero yana haska zangarniya. Ban ankara ba na ji tsawa.

"Kai! Tsaya! Ina za ka kamar an koro ka? Koma baya. Ba wannan ba, ta hagunka. Murza ta in gani. Ba ka ga tsutsa ta shige ta ba? Wai kai me kake koya wa yara?"

Muryar Malam ta fito ƙasa-ƙasa: "To, Baba."

Na toshe baki da gyale, dariya da hawaye suna zubo mini tare. Kunyar shekara da shekaru ta tafi a safiya guda. Sabis ya ɗauke ya dawo, caji ya ƙare, dole aikin ya ɗauki kwana uku. Amma tun ranar farko, ina cire masa tabarau ya ce, "Akwai sauran furar nan?" Ya shanye kwano guda. Da Malam ya kawo damin, Baba ya sa aka ɗora masa a ƙirji, ya daɗe yana shafawa da hannunsa mai lafiya.

Har yau mata kan tambaye ni ko abin ya cancanci saye. Don ƙwallo dai a'a, wallahi, ku riƙe kuɗinku. Amma ni na daina yi masa ba'a, har goge kwalin nake, kuma na ba Malam haƙuri, abin da ba kasafai nake yi ba. Na gode Allah da ya sa bai ji maganata ba.

Baba ya ci abincinsa, ya yi faɗansa, har rani ya ratsa. Allah ya karɓi abinsa kafin ruwan farko. Irin da ya zaɓa shi aka shuka.

Bana da gero ya nuna, Malam bai yi shawara da kowa ba, ya hau babur ya tafi Karare. Ya dawo da yamma da dami ɗaya a bayansa, ƙaiƙayi duk a wuyan riga. Na ce me ya tsare shi haka, yini guda? Ya zauna bakin ƙofa ya ce duk zangarniyar da ya miƙa wa hannu, sai ya ji ana ce masa ba wannan ba, ta hagunka.