Faffaɗan Allo da Idon Hagu na Baffa Ila

Ranar Alhamis ce, bayan la'asar, a ɗakin da nake aiki a gidanmu na Kazaure. Mu huɗu ne: ni, da Baffa Ila ƙanen mahaifina, da matarsa Inna Ladi, da ɗansu Nasiru. Baffa na zaune gaban allon kwamfutata, ya naɗe hannun riga, ya tura hula baya, yana karanta addu'ar tafiya. Mu ukun muna tsaye a bayansa, kuma babu mai yi masa fatan nasara a cikinmu. Ya riga ya rantse cewa washegari shi zai ja akori-kurarsa zuwa Babura, sunan jikarsa, da Inna a gefensa. Mu kuwa mun san idonsa na hagu ya daina ganin gefe. Shi kaɗai ne bai yarda ba.

Ku da kuka san shi ba sai na gaya muku yadda yake tuƙi ba. Shekarunsa na aiki duk a kan babbar motar taki ya yi su, tsakanin Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, kuma ban taɓa jin wanda ya ga Baffa Ila ya wuce wata mota ba. In fasinja ya ƙosa ya nuna masa masu wuce su, amsarsa ɗaya ce: "Su je, can za mu same su." An ce wata rana mai amalanken shanu ya daɗe yana bin bayansa a hanyar Roni, da ya gaji sai ya ɗaga murya ya roƙi a ba shi hanya. Baffa ya ƙaryata wannan labari har ya bar duniya. Ya ce sharri ne, a hanyar Gwiwa aka yi.

Allon kuwa don aikina na saye shi. Ina tace sauti da haɗa shirye-shiryen rediyo daga gida, ƙaramin allo kuma ya ishe ni da ja gaba ja baya. Wannan faɗinsa kamar an jera allo biyu an share tsakaninsu, gefe da gefensa sun ɗan lanƙwaso. Doguwar hira takan miƙe a kansa gaba ɗaya, ina ganin inda mai magana ya yi tari da inda ya yi shiru, rubutun shirin kuma yana buɗe a gefe guda. Ranar da aka kawo shi, Baffa ya zagaya shi, ya leƙa bayansa, ya shafa lanƙwasar. Ya ce an cuce ni, zafin rana ne ya tanƙwara shi a hanya, in mayar tun ba a ce ni na yi ba.

Nasiru ne ya kawo fitinar. Ya sa wasan tuƙin babbar mota a kwamfutar, ya ɗaura sitiyarin wasa a bakin tebur, ya ajiye totur da birki a ƙasa. Baffa ya taɓa ganin wasan a ƙaramar kwamfutar Nasiru, ya ce wannan leƙe ne ta kafar makulli. Amma a faffaɗan allo abin ya sha bamban. Titi ya buɗe daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ga madubin hagu a ƙarshen allo, ga na dama a ɗaya ƙarshen, kamar mutum na zaune a kan motar. Baffa ya daɗe tsaye a bakin ƙofa yana kallo. Can ya ce wa Nasiru wannan wane irin riƙon sitiyari ne, kamar wanda aka miƙa wa kwanon miya mai zafi, ya tashi ya ba shi wuri. Nasiru ya tashi, kuma daga ranar kujerar ta fita daga hannunsa.

Nan da nan allon ya sami sabon suna, gilashin gaba, ya kuma sami dokoki. Ba a yi wa direba magana. Ba a tsayawa kusa da madubi. Na taɓa shigowa na tarar da shi da jiƙaƙƙiyar jarida zai goge shi yadda yake goge na motarsa, da ƙyar na karɓe. Babbar dokar ita ce ba a dakatar da wasa. Nasiru ya nuna masa maɓallin da ake dannawa komai ya tsaya cak, Baffa ya ce shi bai taɓa barin mota a tsakiyar titi ba, ba kuma zai fara da tsufansa ba. Wata rana aka kira magariba yana kan doguwar gada, babu wurin ratsewa. Inna ta leƙo ta ce an tayar da salla. Ya yi mata nuni da hannu, gumi na zubo masa, har ya sami fili ya faka, ya ja birkin hannu, ya kashe inji, sannan ya fita da gudu da takalmi ɗaya. Da ya dawo bai yi maganar raka'ar da ta wuce shi ba. Masu ginin gadar ya yi ta yi wa faɗa.

Titunan wasan ma ba su tsira ba. Ya ce ƙasar da babu rami, babu akuya, babu mai babur da zai faɗo maka daga lungu, direbobinta zaman banza suke yi. Duk da haka in ya zo gangara sai ya cire giya ya bar motar ta sulala, wai yana tattalin mai. Nasiru ya ce Baba man nan fa na ƙarya ne. Baffa ya ce to halin ai na gaske ne.

Rikicinmu ni da shi a kan lokaci ne. Wata la'asar ina da shirin da dole in tura, shi kuma yana tsakiyar hanya da lodin tumatir. Na ce allon yana rabuwa biyu, ya ɗauki rabi in ɗauki rabi. Ya gwada, ya ce kamar an zaunar masa da fasinja a kan bonet, ba zai iya ba. Ya kalle ni ya ce, "Uwata, taki magana ce, ba ta ruɓewa. Nawa tumatir ne." Haka yake kirana, Uwata, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Na jira ya sauke tumatir. Daga nan muka yi yarjejeniya, safiya tawa, bayan la'asar tasa.

A wannan zaman jira na fara lura. Duk motar da ta shigo ta ƙarshen allo na dama, Baffa ya gan ta tun daga nesa. Ta hagu kuwa sai ta zo daf da shi sannan ya zabura. In wasan ya ci shi tara sai ya ce kwamfuta ce ke ƙirƙiro motoci don ta ba shi haushi. A waje ma labarin ɗaya ne. Ya gogi ginshiƙin ƙofar gida na hagu da mota, ya ce magini ne ya karkatar da shi. Ya ture bencin mai shayi, ya ce an matso da shi titi. Sannan a hanyar Roni ya kusa take wani mai babur da matarsa, Inna tana cikin motar, ta dawo ba ta iya cin abinci ba. Likita ya taɓa gaya masa yana da hawan jinin ido, ya ce ya riƙa zuwa ana dubawa. Baffa ya karanta masa ƙananan haruffan da ke jikin bango tsaf, ya fito, bai sake komawa ba.

Da tafiyar Babura ta matso, Nasiru ya ce a cire batirin motar a ɓoye. Inna ta ce in aka yi haka zai ari ta wani, kuma ba zai sake yi wa ɗansa magana ba. Ɗa ba ya ce wa uba ya tsufa, ita kuma ta faɗa har ta gaji. Sai suka juyo kaina, tunda ni ce uwarsa. Na same shi na ce ina da roƙo: ya yi tafiya ɗaya a wasan, ta cikin gari, muna kallo. In ya kai kaya bai taɓa kowa ba, babu mai sake ɗaga maganar. In ya taɓa, ya ba da makulli. Ya amince, amma da sharaɗi ɗaya. In ya ci, Nasiru a bayan mota zai zauna har Babura, tare da ragon da za a kai wa mai jego.

To, shi ne muke tsaye a bayansa ranar Alhamis ɗin.

Ya tayar da mota, ya duba madubin dama, ya juya kansa gaba ɗaya ya duba na hagu. Ya fito daga tasha a hankali. Ban taɓa ganin ya yi tuƙi mai kyau kamar na ranar ba, kuma abin da ya tsorata ni ke nan. Ya tsaya a kowace fitila. Ya ba kowa hanya. Motoci suka yi layi a bayansa, bai kula ba. Inna ta jingina da bango tana jan carbi, ban san me take roƙo ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Nasiru ya soma cizon farce. Mahaɗa ta farko ta wuce lafiya, ta biyu ma haka. Na fara tunanin hanyar Babura ranar Juma'a da yamma, da masu babur, da yara masu tsallakowa daga gonaki, da cewa ni da bakina na ce babu mai sake magana.

Saura shataletale ɗaya a kai wurin sauke kaya. Baffa ya rage gudu, ya duba, ya shiga. Mu ukun mun ga wata ƙaramar mota ja ta taho ta hagu, tun daga ƙarshen allo muke ganinta. Inna ta kama hannuna. Motar ta taka birki da ƙarfi, ta tsaya daf da ƙofarsa, ta saki hon mai tsawo. Ba su taɓa juna ba. Baffa ya wuce, ya shiga fili, ya yi baya ya daidaita tirela a layi, ya kashe inji. Allon ya nuna an kai kaya babu ko ƙwarzane.

Ya ci. Nasiru ya zauna a ƙasa. Na jira Baffa ya juyo ya fara yi mana dariya, amma bai juyo ba, hannunsa na kan sitiyari.

"Uwata, hon ɗin nan na wane ne?"

Na ce na wata jar mota ne, ta hagu.

"Babu mota a hagu."

"Akwai, Baffa. Mu duka mun gan ta."

Bai tambayi Inna ko Nasiru ba. Ya gyara zama, ya kafa idonsa a tsakiyar allo, ya rufe na dama da tafin hannu. Ya ce in sa yatsana a ƙarshen allon na hagu, in riƙa jawo shi a hankali, zai faɗa in ya gani. Na sa. Yatsana ya wuce madubi, bai ce komai ba. Ya wuce ƙofar motar. Ya shiga gilashin gaba, ya ci gaba da tafiya. Na rage sauri don ina jin kunyar abin da nake yi, ya ce kada in yi masa alfarma. Yatsana ya kusa tsakiyar allon sannan ya ce, "Yanzu."

Ya sauke hannunsa, ya juya kai ya dubi inda na tsaya, sannan ya bi da kallo har ƙarshen allon. Wurin da bai gani ba ya kai tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsu. Ya daɗe yana kallonsa.

"Nan wurin ai yaro da kekensa za su shige," in ji shi.

Ya laluba aljihu ya ciro makullin akori-kura. Nasiru ya miƙe ya miƙo hannu biyu cikin ladabi. Baffa ya dube shi sama da ƙasa ya tambaye shi wa ya ci gwajin. Nasiru ya ce Baba ne. Baffa ya ce to magana tana nan yadda aka yi ta, wurin Nasiru na baya, shi da rago. Ya ajiye makullin a tafin hannuna, ya ce ni ce zan ja, tunda shi ya koya mini kuma ban cika rawar kai ba.

Haka muka tafi Babura bayan sallar Juma'a. Ni a sitiyari, Inna a tsakiya, Baffa a bakin taga yana gaya mini abin da ke zuwa ta dama, Nasiru a baya ya rungume rago, mutanen ƙauyuka suna ɗaga masa hannu. Bai bar ni na wuce ko da mai keke ba. Waɗanda suka taso bayanmu sun ci tuwo sun wanke hannu kafin mu iso.

Mun yi dariyar wannan tafiya a zaman makokinsa, har Inna ta rufe fuska da mayafi, ban san ko dariyar ce ko kuka ba. Allah Ya jiƙan Baffa Ila, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya haskaka shi dama da hagu. Allah Ya ba Inna haƙurin rashinsa.

Ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan sunan, da kansa ya ce in kai shi wurin likitan ido. Na hagun ba a iya ceto shi ba, amma magani ya riƙe na daman. Bai sake jan mota a titi ba, kuma da wannan ido ɗaya ya ci gaba da karatun Alƙur'aninsa har ya rasu.