Karatun Ƙuduji

Gonar Baba ta fi kowace gona kyau a bayan unguwar Rikoto ta Zuru, in dai da ido za a duba. Damina na yin nisa sai ta cika da jan fure, har baƙi kan tsayar da mashin su kalla. Furen ƙuduji ne, kuma wanda bai taɓa noman dawa ba ne kaɗai zai yaba masa. Ciyawar tsiya ce. Tun a ƙarƙashin ƙasa take kama saiwar dawa tana tsotsa, kafin ta leƙo waje ta gama ɓarnarta. Sai ka ga dawa ta tsaya iya ƙugu, ganye ya yi rawaya kamar ana fari, alhali ruwa ko'ina.

Ni kuwa, ɗan mai gonar, malamin gona ne, da digirina da komai. Ina hawa mashin ƙauye-ƙauye har wajen Bena ina koya wa mutane yadda za su gyara gonakinsu. Abokan wasana ba su taɓa raga mini ba. In na tsaya shan mai sai wani ya ɗago murya, "Malam, mun wuce ta lambun furanninku. Na sayarwa ne?" In yi dariyar yaƙe in ja mashin. Wallahi har cikin raina abin ke ci na.

Ba don ban faɗa wa Baba abin da na sani ba. Na ce a tuge shi kafin ya yi iri, a tara a ƙone, a zuba takin gida, a huta da dawa a sa waken suya. Ya tuge, ya ƙone, ya zuba taki. Waken suya ma ya yarda ya ba shi rabin gonar shekara ɗaya, yana gunaguni. Da aka mayar da dawa, ƙuduji ya dawo kamar an aika masa goron gayyata. Irinsa ƙanana ne fiye da yashi, yana kwance cikin ƙasa shekara da shekaru yana jira.

Na taɓa cewa mu bar gonar mu nemi wata. Ban sake ba. Shekara bakwai Baba ya yi yana golmo, noman da saurayi ke yi wa surukinsa kafin a ba shi mata, kuma da ya gama ne kakana na wajen uwa ya yanka masa wannan filin. Inna ta daɗe da rasuwa. Gonar ce ta rage.

A shekarun da wayar salula ta fara yawa a Zuru na nemi karatun digiri na biyu a wurare biyu. Na nema ne kamar yadda kowa ke nema, ban sa rai ba. Sai duka biyun suka amsa.

Amsa ta farko ta zo ta imel, a shagon wani Ibo mai buga takardu kusa da kasuwa, wanda ya fi shekara ashirin a garin. Wata jami'a ce mai nisan yini guda a mota. Suna da aikin bincike a kan ƙuduji da dawa, kuma sun ɗauke ni. Su za su biya kuɗin makaranta, su ba da ɗaki, su ba da ɗan alawus duk wata. Shekara biyu, zama a can dindindin. Na karanta sau uku a tsaye. Mai shagon ya ce, "Oga malami, lafiya? Ka ci caca ne?"

Nan na yi kuskuren da har yau nake cizon yatsa a kansa. Ban tsaya na yi tunani ba, ban ma biya gida ba. Na zarce gona da takardar a hannu. Na iske Baba a duƙe cikin furannin nan, na fassara masa ita tun daga sama har ƙasa. Ya miƙe a hankali, ya riƙe ƙugu.

"Makaranta guda, don wanga abu kaɗai?"

"Don shi kaɗai, Baba."

"Kuma su za su biya ka?"

"Su za su biya."

Ya dubi ƙudujin da ke hannunsa ya ce masa, "To, kai, ka ji. Kwananka ya ƙare." Kafin sati ya zagayo duk unguwa ta san ɗansa zai tafi karatun ƙuduji.

Takarda ta biyu ta zo ta gidan waya bayan kwana goma. Digiri ne na harkar mulki a Sakkwato, karatun Juma'a da Asabar. Ni zan biya komai daga aljihuna, amma ba sai na bar aiki ba, kuma kowa a ofis ya san masu irin wannan takardar su ake ɗagawa su zama shugabannin sashe. Ban da sha'awarsa ko kaɗan. Na nema ne don na ga abokan aiki suna nema.

Na kai wa ogana takardar farko ina neman hutun karatu. Mutumin kirki ne, ya karanta har ƙarshe, ya taya ni murna. Sannan ya ce ban cika shekarun da ake ba da hutu da albashi ba. In ina so in tafi ba albashi, zai sa hannu, amma ba zai yi mini alkawarin kujerata za ta jira ni ba. Ya cire tabarau ya ce, "In ka gama, wa zai ɗauke ka? Gurbi nawa ne na masu binciken ciyawa a ƙasar nan? Ka yi tunani, kana da iyali."

Na yi tunanin har kaina ya yi ciwo. Alawus ɗin nan an yanka shi ne daidai cikin ɗalibi ɗaya, gwauro, mai cin garin kwaki. Ni kuwa ina da mata da yara biyu, na uku yana hanya, ga Baba. Abin da gona ke bayarwa ba ya kai mu bazara. Daga nan sai kasuwa, da albashina nake auno dawa in kawo gidan manomi. Wato ƙudujin da nake so in je in karanta, shi ne ya cinye rumbun da zai riƙe gidan in na tafi. Duk ta inda na juya lissafin nan, nan yake dawo da ni.

Na tambayi matata ra'ayinta tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba.

"Baban yara, ni ba zan ce ka je ba, ba zan ce kar ka je ba. Ka dai faɗa mini abin da zan riƙa ɗorawa a wuta."

Na ji haushinta ranar, na fita ina banbami. Haushin banza ne, don ba ta faɗi abin da ban sani ba.

Na rubuta wa masu binciken ina roƙon su ɗaga mini zuwa baɗi. Suka amsa da ladabi cewa kuɗin aikin na bana ne, akwai kuma masu jira. Suka ba ni zuwa ƙarshen wata. Ranar ƙarshe na zauna gaban kwamfuta a shagon nan, na rubuta na karɓa, na goge. Na rubuta ina ba da haƙuri, na goge. Ba wuta, janareta ke ta ƙugi a waje. Mai shagon ya gaji ya leƙo.

"Oga malami, ka tura ko kar ka tura, inji yana shan mai."

Na tura ta ban haƙurin. Layi uku ce. Na biya shi na fito. Washegari na karɓi ta Sakkwato.

Na yi niyyar faɗa wa Baba, Allah ne shaidata. Sau biyu ina zuwa gona don haka. Na farko na iske shi yana ba wani maƙwabci labarin karatuna. Na biyu ya riga ni magana, ya ce ya ji ashe Sakkwato aka mayar da ni, kusa ma, Allah ya taimake mu. Na buɗe baki na ce, "E, Baba." Shi ke nan. A wurinsa karatu karatu ne, kuma ɗansa malamin gona ne, me zai je karantawa in ba gona ba?

Haka na fara sintiri. Ranar Alhamis in shiga mota ta Mahuta da Koko, ramukan hanya su wujijjiga ni, Lahadi in dawo a gajiye. Ina zama a aji ana maganar tsarin ma'aikata da yadda ake rubuta rahoto, ina kwafa kamar kowa.

A damina ta farko, wata Alhamis da safe ina ɗaura jaka, Baba ya shigo da buhun taki naɗe a hammata. Ya buɗe mini. Gindin dawa ne guda, ya haƙo shi da ƙasarsa a hankali bai tsinke saiwa ko ɗaya ba, ga ƙuduji uku manne da ita.

"Kai wa malamanku. Su gani da idonsu yadda namu yake kamawa. Wataƙila ba irin nasu ba ne."

Na karɓa da hannu biyu. Na rungume buhun nan a cinya tun daga Zuru. Jefarwa ma ba ta yiwuwa, don wasu sun fara iri, kuma ni na san abin da zan jawo wa mai gonar da ya faɗa a cikinta. Da muka tsaya a Koko na sayi ashana, na zagaya bayan tasha, na tara kara na cinna masa wuta. Ɗanye ne, ya ƙi ci, sai hayaƙi. Na tsuguna ina hurawa, direba yana ta danna oda yana neman fasinja ɗaya. Ban taɓa jin na raina kaina irin ranar ba.

Da na dawo ya tare ni tun a zaure. "Mi suka ce?"

"Sun ce suna dubawa, Baba."

"Madalla. Kar ka matsa musu, abin ba ƙarami ba ne."

Sau huɗu ya ba ni irin wannan saƙon a shekara biyu. Na huɗun har da ƙullin ƙasa daga kusurwar da ta fi lalacewa. Mai shayin bayan tashar Koko ya gane ni, yana ganina da buhu sai ya miƙo mini garwashi ba tambaya.

Na gama. Na ci da kyau ma, abin haushi. Aka ɗaga ni, aka ba ni ofis mai fanka, na daina hawa mashin zuwa ƙauye. Abokan wasa suka koma ce mini ranka ya daɗe. Yara ba su kwana da yunwa ba ko sau ɗaya, wannan kam ba zan raina ba. Hoton da na ɗauka da rigar kammalawa Baba ya karɓe, ya rataye a ɗakinsa sama da inda yake jingine fartanya.

Bai tambaye ni komai ba duk ranin nan. Ya bari sai da aka yi shuka, aka yi noman farko da maimai, furen ya fara fitowa. Wata Asabar da hantsi ya aiko a kira ni gona. Na iske shi ya sa hularsa ta zuwa taro, yana tsaye a bakin kunya, hannuwa a baya.

"To, Malam," ya ce. Bai taɓa kirana haka ba sai ranar. "Ga ka, ga ta. Mi za mu zuba?"

Na dubi gonar daga wannan gefe zuwa wancan. Na ji muryata tana cewa a tuge shi kafin ya yi iri, a tara a ƙone, a ƙara takin gida, a sa waken suya.

Ya saurara har na kai aya. Ya ɗan jira, ko akwai saura.

"Wanga ai ka faɗa mini tun ba ka tafi ba."

"Na faɗa, Baba."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya cire hular ya ninke ta ya sa a aljihu, ya duƙa ya kama ƙudujin da ke kusa da ƙafarsa ya tuge. Na naɗe hannun rigata na shiga kunyar da ke gefensa.