Sharar da Aka Yi wa Uwar Kwaɗi

Uwar Kwaɗi muke ce mata a ɗakin malamai, kuma ba ta taɓa nuna ta ji haushi ba. Kimiyya take koyarwa a firamarenmu. Mijinta ya rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, sai gaisuwar waya in an tuna.

A bayan ginin ajin ƙarshe akwai wani fili da ba mai waiwayarsa. Shi ta mayar ajinta. Ta haƙa ɗan kududdufi, ta jibge ruɓaɓɓun itatuwa saboda ƙadangaru da ƙwari, ta hana a taɓa ciyawar. Ta ajiye faffaɗan duwatsu biyu, ɗaya a inuwar bishiya, ɗaya a rana. Yara su tuɓe takalma su taka wannan, su taka wancan suna tsalle, sai ta ce, "To, kun ji abin da ƙasa take sha idan aka sare bishiya."

In an tashi, mu sai gida. Ita kuwa ta zauna a bakin ruwan tana sauraron kwaɗinta har la'asar. Mun sha yi mata tsiya a kai, alhali mun san babu mai jiranta a gida.

Sai ciwon ƙafa ya kwantar da ita a asibiti. Iyayen yara, mutanen kirki wallahi, suka ce ba za ta dawo ta tarar da wurinta kamar juji ba. Ranar da babu makaranta suka haɗu, suka nome ciyawar tas, suka ƙone itatuwan, suka cike kududdufin saboda sauro. Duwatsun nan aka shafa musu farin fenti, aka jera su a bakin ofis don ado.

Da ta dawo tana dogara sanda, shugaban iyayen ya kai ta wurin yana ta murmushi.

"Malama, ga ɗan abin da muka iya. Ya kika gani?"

Ta daɗe tana kallon filin. Sannan ta ce, "Kun sha aiki. Allah ya saka da alheri."

Bayan an watse na same ta zaune a ƙasa, daidai inda ruwan yake a dā. Tausayinta ya kama ni.

"Yaya, taso in raka ki gida," na ce.

"Je ki kawai, ƙanwata," ta ce. "Ina saurare ne, ko akwai wanda ya saura."