Littafin da Ba Ya Komawa Gida

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Isuhu, wanda mutanen Madarumfa suka fi sani da Mushe Isuhu, wato Malam Isuhu da Faransanci, saboda koyarwar da ya yi a lakwal, makarantar boko. Littafinsa na ƙarshe bai daɗe da fitowa ba ciwo ya kwantar da shi. Ni ne ƙanensa, ni na yi ta goyonsa a moto, wato babur, kasuwa-kasuwa da kwalin littattafai, don haka ina da bakin magana: ban taɓa ganin wanda bai iya talla ba irinsa.

Wani gidan rediyo a Maradi ya taɓa ba shi fili ya tallata sabon littafin. Muka taru a gida muka kasa kunne. Yaya ya ɗauko littafin wata malama ta Damagaram ya yi ta yabo, ya koma kan na wani Bakatsine, ya ce duk mai saurin fushi ya neme shi. Sai da mai shirin ya tuna masa da nasa, ya ce, "To, shi ma ba laihi." Lokaci ya ƙare. Da ya dawo ko sannu ban yi masa ba.

Haka yake ko a inuwar bakin tabki inda yake zama da la'asar. In ka ce ya ba ka abin karantawa, sai ya tambayi lafiyar gida da yadda damina ta bar ka, sannan ya zaɓo maka. Sau da yawa ba nasa yake zaɓowa ba, in kuwa nasa ne, kyauta yake tafiya. Da ya rasu muka buɗe kwalayen, babu ko ɗaya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau, da samari ke toshe kunne suna sauraren labari a waya. Ni abin haushi yake ba ni. Shi kuwa na san zai matsa kusa ya tambayi wa ya rubuta, ya ce a tura masa.

Rashin littafin bai dame ni ba sai bara. Rakiya, autarsa, wadda ya bari tana ƙarama, ta same ni a shago ta ce, "Baba Sale, kowa na ce mini ɗiyar mai littahi, ni ko ban taɓa ganin shi ba. Ko muryar Baba ban tunawa." Kunya ta rufe ni. Na yi mata alkawari zan samo.

Masu sayar da littattafai a Maradi suka ce ya daɗe da ƙarewa. A Safo wani ya ce ya taɓa riƙe shi, amma ya ba surukinsa. Na bi sawu daga hannu zuwa hannu har Gabi, wurin wani tela mai suna Haru, na tafi da Rakiya. Ya fito da shi daga ƙarƙashin keken ɗinki. Bangon ya mutu, an ɗinka masa wani da ƙyallen atamfa, takardun sun yi baƙi da hannun mutane. Na roƙe shi ya bar wa marainiya littafin ubanta.

Haru ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi na tausaya, amma wanda ya ba ni ya ce sharaɗin Mushe ne: in ka gama ka miƙa gaba, kar ya kwana akwati, kar ya koma gidanshi. Kuma wata ungozoma na jiran shi."

Ranar na fara jin wannan sharaɗi, raina kuwa ya ɓaci. Na ji haushin telan, na ji haushin yayana da ya tuna da kowa ya manta da ƴaƴansa. Ina shirin ɗaga murya Rakiya ta tambaya a hankali, "Mutum nawa sunka karanta shi?" Haru ya yi dariya ya ce Allah kaɗai ya sani, har Najeriya ƴan ci-rani sun kai shi sun dawo da shi. Ta shafa bangon, ta mayar masa. "To a sa ni layi, bayan ungozomar."

Bayan girbi littafin ya iso. Ba ta shiga da shi gida ba, a shagona ta karanta shi. Wata rana ta karanta mini wani wuri a bayyane, na ji zolayar Isuhu tsaf a bakin ƴarsa, sai da na fita waje na share ido. Da ta gama na lallashe ta mu ajiye, wa zai sani? Ta ce, "Baba, ƴar ajinmu na jira."

Isuhu bai bar gona mai yawa ba, bai bar suna a manyan jaridu ba. Ya bar mutane a ƙauyuka da suke riƙe masa amana ba tare da sun taɓa ganinsa ba, ya kuma bar yarinyar da ta fi ni gane shi. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa. Wanda duk littafi mai bangon atamfa ya zo hannunsa, ya karanta ya miƙa gaba. Kada ya kawo mana.